Idan Manhaja Ta Cije: Yadda Ake Neman Taimakon Masana

"Salamu alaikum. Don Allah manhajata ta ƙi aiki, a taimaka mini da gaggawa."

Wanda ya rubuta wannan saƙo bai yi rashin ladabi ba. Ya yi sallama, ya haɗa da Allah, ya kwantar da murya. Amma zai wuni, ya kwana, ya sake wuni, babu wanda ya tanka masa, daga nan ya yanke hukuncin cewa masana kwamfuta mutane ne masu girman kai. Akwai masu girman kai a cikinsu, kamar yadda suke a kowace sana'a, sai dai ba wannan ne ya jawo shirun ba. Saƙon ne babu abin amsawa a cikinsa. Wace manhaja ce? Wace siga? A kan wace na'ura? Me ya danna, me ya gani? Kamar mutum ne ya bar motarsa a gida ya taka da ƙafa zuwa gareji ya ce wa bakanike "motata ba ta da lafiya." Shi bakanike ma yana iya ɗaukar sifana ya ce mu je in gani. Wanda kake tambaya game da manhaja yana iya kasancewa a Jamus ko Indiya, kuma abin da ka rubuta masa shi ne kaɗai idonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan harka kai ne mai ɗakin.

Kafin a zo kan yadda ake tambayar, ya kamata a san wa ake tambaya. Manhajoji irin su Linux, Python, LibreOffice da VLC, waɗanda ake saukewa kyauta kuma kowa ke da ikon duba yadda aka gina su, jama'a ce ke riƙe da su. Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a 1983. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux a 1991. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. Tun daga wancan zamani ake tafiya a kan al'adar kowa ya kawo abin da yake iyawa. Wasu daga cikin masu aikin kamfanoni ne ke biyan su albashi, amma da yawa masu sa kai ne, suna taɓa aikin da dare bayan sun taso daga neman abincinsu. Lasisin irin waɗannan manhajoji, ko GPL ne ko MIT, ya faɗa ƙarara cewa an ba ka kayan ne ba tare da wani garanti ba. Ba ka bin kowa bashi. Alfarma kake nema.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya kamata duk mai tsananta wa masu sa kai ya sani. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita, Lasse Collin, kuma ba biyan sa ake yi ba. A 2022 wasu da ba a san su ba suka riƙa yi masa gori, suna cewa ya yi sanyi, ya miƙa aikin ga wanda zai iya. Ana cikin haka wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne, ya samu ikon taɓa manhajar, daga baya ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Sai a ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo abin, bayan ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ya ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa. Ban kawo wannan don in ce duk mai gaggawa mugu ba ne. Na kawo shi ne don a ga irin nauyin da ke wuyan mutum ɗaya, da kuma dalilin da ya sa kalmomin matsin lamba ba sa yi wa waɗannan mutane daɗin ji.

Aikin da ke kanka kafin ka buɗe baki

Ka karanta saƙon kuskuren da manhajar ta nuna, tun daga farko har ƙarshe. Mutane da yawa da zarar sun ga akwatin gargaɗi sai hannu ya riga ido, su rufe shi, alhali rabin amsar na ciki. Ka kwafe shi ka nema a intanet, domin da wuya a ce kai ne na farko da abin ya sama. Ka duba littafin jagorar manhajar. Ka gano sigar da kake amfani da ita, wadda galibi tana ƙarƙashin sashen taimako, wurin da aka rubuta bayani game da manhajar. Wannan lamba ba ado ba ce. Python 3 ta fito a 2008 da sauye-sauyen da suka sa tsofaffin rubuce-rubuce da yawa suka daina gudana, kuma an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu, 2020. Wanda ya ce "ina amfani da Python" bai faɗi komai ba tukuna.

Sannan ka gwada maimaita matsalar da gangan. Idan kana iya sa ta faru duk lokacin da ka so, ka yi rabin aikin gyara. Daga nan sai ka rage ta. A ce fayil mai layi 1,000 ne ke sa manhaja rufewa. Yi kwafinsa, ka yanke rabi ka gwada. Rabin da ya kawo matsala ka sake raba shi biyu. Cikin yanka goma za ka iso kan layi ɗaya tilo da ke da laifin, domin ɗaya idan aka riƙa ninka shi biyu har sau goma yana ba da 1,024. Masu rubuta manhaja da kansu haka suke farautar aibi a cikin tarihin aikinsu, har akwai umarni na musamman don haka a cikin manhajar Git da suke adana tarihin da ita. Sau da yawa a tsakiyar wannan yanke-yanken za ka ga amsar da kanka, ka fasa tambayar. Wani littafi na Andrew Hunt da David Thomas da ya fito a 1999 ya yaɗa labarin wani mai rubuta manhaja da ke ajiye agwagwar roba a gabansa, yana yi mata bayanin aikinsa layi bayan layi har ya gano inda ya kuskure. Ba agwagwar ce ke da ilimi ba. Tilasta wa kai yin bayani dalla-dalla ne ke tono kuskuren, kuma rubuta tambaya mai kyau irin wannan aikin take yi.

Faɗi abin da ka gani, ba abin da kake zato ba

Nan ne zuciyar lamarin, don haka bari mu ɗauki misalin da ke damun masu rubutu da Hausa kullum, wato haruffanmu masu ƙugiya: ƙ, ɗ da ɓ. A ce wata malama ce aka turo mata jerin sunayen ɗalibai a fayil irin na CSV, ta buɗe, ta ga sunayen sun hargitse. Idan ta rubuta "haruffan Hausa sun lalace," ba ta taimaki kowa ba, domin aƙalla cututtuka uku ne ke shiga ƙarƙashin wannan jimla, kuma kowace da maganinta.

Idan a gurbin ƙ ta ga ɗan akwati fanko, to harafin yana nan lafiya, salon haruffan da ta zaɓa ne ba shi da zanensa. Ta koma Noto Sans ko Charis, magana ta ƙare. Idan alamar tambaya ta gani, wato Faruƙu ya zama Faru?u, galibi an adana fayil ɗin ne da tsarin da bai san harafin ba, ya zubar da shi, kuma babu dabarar da za ta dawo da shi sai a koma ga asalin fayil. Idan kuwa Faruƙu ya zama FaruÆ™u, Ɗanladi ya zama ÆŠanladi, to wannan wani ciwo ne daban. An adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda ƙ ke cin bayit biyu. Sai aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, ya karanta ƙ ɗaya a matsayin haruffa biyu. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, tabaran karatun ne aka saka ba daidai ba. Masani da ya ga Æ™ zai gane cutar cikin ƙiftawar ido, ko da bai taɓa jin kalmar Hausa ɗaya ba. Amma sai an nuna masa.

Simon Tatham, wanda ya rubuta manhajar PuTTY, ya yi wata maƙala a 1999 kan yadda ake kai rahoton aibin manhaja, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne mutum ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da yake hasashe. Idan kana da zato, faɗe shi, amma ka ce zato ne. Majinyacin da ya shiga wurin likita ya ce "taifot ke damuna, a rubuta mini magani," ya tsallake abin da likita ya fi buƙata, wato yaushe zazzaɓin ya fara, da wane lokaci yake tashi.

Akwai wani tarko da ke kama har da masu wayo. Malamar nan tana iya yin tunani ta ce, ai abin da nake buƙata shi ne hanyar maye kowane Æ™ da ƙ a cikin layi 3,000. Sai ta tambayi wannan. Wani mai kirki ya ɓata lokaci ya koya mata, ta yi wa ƙ, ta yi wa ɗ, ta yi wa ɓ, ta koma kan manyan haruffa, kuma wata mai zuwa idan an turo sabon fayil ta sake daga farko. Alhali da ta faɗi ainihin damuwarta, da an ce mata ta zaɓi UTF-8 a akwatin da ke fitowa lokacin buɗe fayil, aikin daƙiƙa biyar. Ta tambayi yadda za ta bi hanyar da ta zaɓa, ba ta faɗi garin da za ta ba. Kullum ka fara da inda kake son zuwa, sannan ka faɗi hanyar da ka gwada.

Kuma kada ka ɓoye abin da ka yi. Idan ka goge wani fayil da ba ka san amfaninsa ba, ko ka kwafo wani umarni daga wani wuri ka gudanar ba tare da ka fahimce shi ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja, faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar minti ɗaya ta fi a ce mutum uku sun shafe kwana biyu suna neman aibin da babu shi. A ganina wannan ne wurin da kunyarmu, wadda a wasu wurare ado ce, take cutar da mu.

To, ga yadda saƙon malamar ya kamata ya kasance. Kanunsa: "LibreOffice Calc 24.2: harafin ƙ na Hausa yana komawa Æ™ idan an buɗe fayil ɗin CSV." Cikinsa kuma: "Barkanku da aiki. Ina amfani da Calc 24.2 a kan Windows 11. An turo mini jerin sunaye a CSV. Idan na buɗe, Faruƙu yana fitowa a matsayin FaruÆ™u. Na sauya salon haruffa zuwa Noto Sans, babu canji. Idan na buɗe fayil ɗin da Notepad, haruffan suna fitowa daidai. Na haɗo ƙaramin fayil mai layi uku da sunayen ƙirƙira wanda ke nuna matsalar. Abin da nake so shi ne in buɗe irin waɗannan fayiloli duk wata haruffan na nan yadda suke. Na gode."

Dubi abin da ke ciki. Kanun ya faɗi manhaja, siga da alamar ciwo, ta yadda wanda ya san fannin zai tsaya, wanda bai sani ba ya wuce ba tare da an ɓata masa lokaci ba. Maganar Notepad ita kaɗai ta tabbatar wa masani cewa fayil ɗin bai lalace ba. Sunayen kuma na ƙirƙira ne, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka taɓa tura ainihin sunayen ɗalibai, lambobin waya, bayanan banki ko kalmar sirri. Abin da aka sake a bainar jama'a a intanet ba ya dawowa. Idan kuwa abin da ka gano rami ne na tsaro da ɓarayi za su iya bi, kada ka shelanta shi. Manyan ayyuka suna da hanyar kai irin wannan rahoto a asirce, ita za ka nema.

Saƙon kuskure, kwafe shi a matsayin rubutu ka liƙa. Hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya, a karkace, da hasken taga a kai, ba a iya kwafe shi, ba a iya neman kalma a cikinsa, kuma akwai makafi a cikin masu rubuta manhaja, waɗanda na'ura ke karanta musu rubutu amma ba ta ganin abin da ke cikin hoto yadda ya kamata.

Batun gaisuwa da harshe

Mu mutane ne da ba a faɗa wa mutum buƙata sai an tambayi gida da iyali da gajiya. Ban ce a zubar da wannan ba, kuma ba zan ce ba. Abin da nake cewa shi ne a haɗa gaisuwa da tambaya a saƙo ɗaya. Wanda ya rubuta "sannunku, ina da tambaya" ya tsaya jiran a ce bismillah, ya manta cewa idan ƙarfe 10 na safe ne a Kano ko Damagaram, a Kalifoniya ƙarfe 1 ko 2 na dare ne. Zagaye ɗaya na "ina da tambaya" da "muna jin ka" yana iya cin yini guda. A wannan wuri, girmama mutum shi ne ka kawo masa magana a kammale, kamar ɗalibin da ya zo gaban malam ya riga ya sa yatsa a kan layin da ya shige masa duhu.

Galibin wannan mu'amala da Ingilishi ake yin ta, amma kada hakan ya razana ka. Masu amsawar da yawa su ma ba harshen uwarsu ba ne. Yi gajerun jimloli, ka faɗa a layi ɗaya cewa Ingilishi ba harshenka ba ne, za a yi maka uzuri. Idan kwamfutarka da Faransanci take magana, kamar yadda take a wurin 'yan'uwa da yawa a Nijar, a Linux kana iya sa LC_ALL=C a gaban umarnin, saƙon kuskuren zai fito da Ingilishi. Ka guji rubutu da manyan haruffa zalla. Tun a watan Oktoba na 1995, takardar ladubban intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta, ta bayyana cewa ana ɗaukar hakan a matsayin ihu. Kalmar "gaggawa" ma ka bar ta. Gaggawarka taka ce, kuma sau da yawa ita ke sa a tsallake saƙo.

Idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fassara ko gyara jimla, babu laifi, amma ka tabbata duk abin da ke cikin saƙon ka gan shi da idonka. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ke jagorantar manhajar curl tun 1998, ya fito fili a farkon 2024 ya koka kan dogayen rahotanni masu kyawun tsari da na'ura ta ƙago, waɗanda sai an ɓata sa'o'i ana bincike kafin a gane babu gaskiya a cikinsu. Ɗalibai kuma, masu aikin kammala karatu, ku ji wannan da kyau: ana gane aikin makaranta daga nesa. Wanda ya nuna inda ya kai da inda ya maƙale za a kama masa hannu. Wanda ya ajiye tambayar malaminsa ɗungurungum ya ce a yi masa, ba zai samu kowa ba.

Bayan ka tura

Yi haƙuri. Kwana biyu ko uku ba jinkiri ba ne ga mai sa kai, balle a ƙarshen mako ko lokacin hutun Kirsimeti. Kada ka watsa tambaya ɗaya a wurare biyar lokaci guda, mutane biyar su yi aiki ɗaya ba su san da juna ba. Kada kuma ka tsinci sunan wani babba a cikin aikin ka bi shi shi kaɗai da saƙonni. Tambayar da aka yi a gaban jama'a idanu da yawa ke ganin ta, idan wani ya ba da amsar da ba daidai ba wani zai gyara, kuma amsar za ta amfani na baya. Idan mako ya wuce shiru, sake karanta saƙonka ka ga abin da ya rasa, ka dawo da ƙarin bayani, ba da ƙorafi ba.

Amsar tana iya zuwa a gajarce, babu gaisuwa, wataƙila layi ɗaya da ke cewa ka duba sashe kaza na littafin jagora. Ga kunnen Bahaushe wannan kamar kora ce. Galibi ba haka ba ne, mutumin ya nuna maka ƙofa ce, kuma yana da wasu ashirin da ke jira. Eric Raymond da Rick Moen, a wata doguwar maƙala kan yin tambaya da ta yaɗu tun 2001, sun yi ƙoƙarin fahimtar da baƙi wannan ɗabi'a ta magana kai tsaye. Amma akwai iyaka, kuma ba na cikin masu cewa a shanye wulaƙanci da sunan al'ada. Debian ta amince da ƙa'idar zaman tare a 2014, kuma a watan Satumba na 2018 Linus Torvalds da kansa ya nemi afuwa kan kaushin harshensa, ya ja gefe na ɗan lokaci, aikin Linux ya ɗauki sabuwar ƙa'ida. Idan an zage ka, kada ka rama. Akwai waɗanda aka ɗora wa alhakin karɓar irin wannan ƙara.

Idan an tambaye ka ƙarin bayani, ba da shi daidai yadda aka nema. Idan an ce ka gwada abu, gwada shi kaɗai, ka faɗi sakamako. Wanda ya sauya abubuwa huɗu a lokaci guda, ko matsalar ta warware, ba zai san wanne ne ya yi maganin ba.

Sannan ka dawo. Mutane da yawa da zarar buƙata ta biya sai su ɓace, wasu kuma su rubuta "ya gyaru" su tafi, ba su faɗi yadda aka yi ba. Malamar nan ta rubuta layi biyu: ta zaɓi UTF-8 a akwatin buɗe fayil, FaruÆ™u ya koma Faruƙu, ta gode wa wanda ya nuna mata. Ta bar gurɓatattun haruffan a cikin saƙon yadda suke, domin su ne abin da wani sakatare a Maraɗi ko Kumasi zai rubuta yana nema bayan wata shida, idan nasa jerin sunayen ya hargitse. Ko da ita ce ta gano maganin da kanta kafin kowa ya amsa, haka za ta yi.